Litinin a Rumfar Baba Gariba

Ran Litinin suke zuwa, a gajiye,
bayan jana'izar Tonawa ta shanye musu numfashi:
begila uku cikin buhun shinkafa,
turombo a kafaɗar yaro kamar karan rake,
sai ƙaton nan mai baki kamar daro
wanda masu shi ke kira tuba.
Baba Gariba ya ce, "Suna ya dace.
Jingine shi can, ya jira wankan tubarsa."

Rumfarmu na Aboabo, inda kwata ta yi kwana,
kusa da Hajiya Lantana mai koko.
Ita ke ba mu ruwan ɗumi, mu biya ta ran Juma'a.
Ni ke kwance bawul, ɗaya, biyu, uku,
in jera su kan tsumma yadda suka fito,
don ran da na sauya wa na biyu ɗaki
ƙahon ya yi kukan akuya mai mura,
Baba bai ce komai ba. Ya dai daɗe yana kallona.

Sabulun salo, lemun tsami, tokar murhu.
Igiya da ƙullin auduga a bakinta
in zura ta nan, in jawo ta can,
ta fito da abin da mako ya bari:
ɓarɓashin goro, ƙwayar gyaɗa,
tsamin bammi, da koren nan
da yawu ke haifa wa tagulla in an bar su su biyu.
Man keken ɗinki ɗigo uku, kar ya kai huɗu.
Inda ya loɓa, Baba ya tura sandar ƙarfe
yana bi da guduma ƙarama, a hankali,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai.

Shekara goma sha tara ya busa wa 'yan sanda.
Haƙoran gaba suka tafi, busa ta bi su.
Yanzu in aiki ya ƙare ni ke gwadawa,
shi ya karkata kunne, ido a rufe:
"Akwai iska na gudu ta gindi. Kawo dalma."

Ƙahon Kwaku Ansa na san shi ko a duhu,
zaren ja a ƙugu, tabon dalma a wuya,
yatsunsa sun ci tagullar har ta yi fari.
Shi kaɗai ke zama ya jira nasa,
suna musun ƙwallo da Baba cikin Hausa rabi, Tonanci rabi,
ya rage sidi biyu, ya ce sai wani mako.

Wannan Litinin 'yarsa ce ta kawo shi
naɗe cikin baƙin zane.
Ta ce Asabar mai zuwa tasa ce,
abokansa na so a busa masa da nasa.

Baba ya karɓa da hannu biyu.
Ya girgiza shi kusa da kunne. Akwai ruwa ciki,
ɗan kaɗan, na busar ƙarshe.
Ya ɗora babban yatsa kan makullin yawu,
ya tsaya.
Mota ta wuce, yaronta na kiran Kejetiya.
Hajiya ta leƙo, ta koma.
Sannan ya danna, ya tara tafinsa,
ɗigo huɗu ko biyar,
ya kai su gindin bishiyar darbejiya ya zuba.

Wannan bai bar ni na taɓa ba.
Shi ya wanke, shi ya goge,
tun hantsi har aka kira la'asar,
har fuskarsa ta fito a bakin ƙahon,
doguwa, a karkace, hula kamar za ta faɗi.
Zaren ja kuwa ya bar shi da dauɗarsa.

Ya miƙo mini. "Gwada."
Na busa, sauti ya haura kwanon rumfa,
tattabarun Alhaji Mumuni suka tashi.
Ya ce, "Bawul na uku na ɗan jan ƙafa.
Haka yake so. Bar shi."

Ya buɗe littafin bashi,
ya lashi bakin fensir,
ya ja layi kan sidi biyu-biyu, shafi guda da rabi.
Sannan ya nuna tuba da haɓa:
"Wancan mai zunubin na jiranka.
Je ka ce wa Hajiya ta ƙara ruwa."